Iya da Ƙodar Tarwaɗa

Iya, mahaifiyar maigidana, ta rasu ranar Talata da hantsi, tana zaune a kan tabarmarta ta ƙofar ɗaki, wuƙar gyaran kifinta a gefenta. Ba ta yi jinya ba. Ta ce in ba ta ruwa, kafin in dawo da moɗa ta jingina da bango, shi ke nan. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, ita dai ta riga mu isa.

Kafin azahar gidan ya cika. Matan Guri masu bandar kifi suka shigo da warin hayaƙi a zannuwansu, don wasu daga bakin wuta labarin ya same su. Wata a cikinsu ta zauna ta yi kuka mai isarta, sannan ta share ido ta ce, "Yanzu wa zai riƙa ce mana mun ƙona kifi?" Sai aka yi dariya ana hawaye. Ƙanwar Iya ta iso daga Birniwa da la'asar, ba ta yi kuka ba ko kaɗan, ta ɗauki wuƙar nan ta riƙe a cinya har rana ta faɗi. Mahaifiyata ta zo daga Haɗeja washegari. Ita ba mai yawan magana ba ce, abin da ta ce kawai shi ne, "Na ba ta 'ya, ta riƙe mini ita da amana."

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne tsohon majemin unguwarmu, maƙwabcinmu ta gabas, wanda yanzu ido ya yi masa rauni. Bai tsaya a wajen maza ba. Ya dogara sandarsa har bakin zaure ta ciki, ya yi sallama, ya ce a ba shi izini ya yi wa mata gaisuwa. Ya ce, "Ku shaida, matar nan ta taɓa zagina a gaban jama'a, ta kuma dawo ta durƙusa mini a gaban jama'ar. Ban taɓa ganin mai yin na biyun ba sai ita. Allah Ya jiƙanta." Yaran gidan suka kalli juna, ba su san zancen ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ni ce na ɗan yi boko a gidan, kuma ba na so jikokinta su tashi abin da suka sani game da ita kawai shi ne wata tsohuwa mai faɗa a kan a rufe randa.

Ni Bafillatanar gari ce. A Haɗeja aka haife ni, kakanninmu ne masu shanu, mu sai labari. Da aka kawo ni Guri ban taɓa riƙe ɗanyen kifi da hannuna ba. Kwana uku da tarewata Iya ta ajiye mini tarwaɗa mai rai a cikin kwano, ta koma gefe ta zauna. Na kai hannu, kifin ya murɗe ya faɗo ƙasa, na yi baya har na take ƙwaryar gari. Iya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "'Yar Fulani, ba saniya ba ce, ba a tatsarta." Daga ranar sunana ya zama 'Yar Fulani, har ta koma ga Allah ba ta canza ba. Danginta mutanen gabas ne, akwai wasan gado tsakaninsu da mu Fulani, don haka ta samu abin tsokana a cikin gida ba sai ta fita nema ba. Na ji haushi a farko. Daga baya na gane duk wadda Iya ba ta tsokana to ba ta shiga ranta ba.

Ita ta koya mini aikin. Yadda ake buga kan tarwaɗa sau ɗaya, ba sau biyar ba. Yadda ake cuɗa ta da toka a cire yauƙi. Yadda ake tsaga ciki ba a fasa matsarmama ba. Amma akwai abu ɗaya da take yi wanda sauran mata ba su damu da shi ba. In ta fitar da kayan ciki, sai ta buɗe kifin ta fuskanci haske, ta sa babban yatsanta ta bi ƙashin baya daga sama har ƙasa. A can akwai wani siririn abu baƙi-baƙi mai ja, manne da ƙashin. Yawancin mata suna kankare shi su yar, suna ce masa jinin baya. Iya ta ce mini ba jini ba ne.

"Ƙodarsa ce," in ji ta. "Ke kina da biyu, shi tasa doguwa ce guda ɗaya. Duk abin da ke cikin ruwa ta nan yake bi, ita ke tacewa. In kina so ki san ruwan da kifi ya zauna a ciki, kada ki tambayi masunci, zai ce miki mai kyau ne. Ki duba nan."

Ta nuna mini mai lafiya: launinta kamar na hanta, a tsuke, in ka ja ta da farce sai ta taso gaba ɗaya. Takan duba ta ce, wannan daga babban kogi ya fito, wancan daga tabkin da ake jiƙa rama. Masunta sukan yi mata gardama, daga baya su yarda. Shekara da shekaru ban ga ta gyara kifi ko ɗaya ba tare da wannan dubawar ba, ko da ana sauri, ko da baƙi suna jira.

Maigidana shi ne ɗanta na fari, kuma Iya mai tsananin kunyar ɗan fari ce. Ba ta kiran sunansa. Ba ta yi masa magana kai tsaye in da mutane, wani lokaci ko babu. In yana tsaye a gabanta sai ta dubi bango ko ta dube ni, ta ce, "Ki gaya wa mai gidan nan rufin ɗakin awaki yana yoyo." Shi kuma ya ce, "Ki ce mata na ji." Ni ce gadar da suke bi. Wanda bai san su ba sai ya ɗauka ba sa shiri, amma ni na san wadda take ware tsakiyar kifi mafi tsoka ta tura mini da ƙafa a cikin kwano don in kai masa, ta ce wai ita ba ta son wurin.

A shekarun babban farin nan, lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa, matan Fulanin daji sukan bi ta ƙofar gidanmu da ƙoren da babu komai a ciki. Iya ba ta taɓa ba su abu da sunan sadaka ba. Sai ta kira su ta fara tsiya: "Ku zo in ga abin mamaki, yau Fulani za su ci kifi." Ta cika musu ƙwarya da busasshen kifi suna ta musayar zagin wasa, su tafi suna dariya, ba wadda ta ji an wulaƙanta ta.

Bayan farin ya wuce, ruwan kogi bai koma yadda yake ba. Aka ce an tare shi a can sama. Fadamar da a da takan cika har a shiga gonaki da kwalekwale ta zama sai ta ɗan jiƙa ta janye. Kifi ya yi ƙaranci, maza suka fara tafiya birane aikin gini, don a lokacin kuɗin man fetur sun fara zagawa. Maigidana ya ce shi ba inda za shi. Akwai kududdufi a bayan gidanmu inda aka ɗebi ƙasar gini. Ya zurfafa shi, ya yi masa shinge, da ruwa ya fara janyewa ya bi ƙananan tabkuna yana kwaso 'ya'yan tarwaɗa yana zubawa. Yana jiƙa musu dusa da ragowar tuwo safe da yamma. Mutane suka yi ta dariya, wai an ga mai kiwon kifi kamar kaji. Da kifin ya fara girma masu dariyar suka koma leƙe ta shinge. Iya kuwa na sha kama ta tana tsaye a bakin ruwan tana murmushi, in ta gan ni sai ta ce iska ta fito sha.

Ina da cikin ɗana na biyu a lokacin. Maigidana ya yi alkawari a majalisa cewa ranar suna duk unguwa za ta ci tarwaɗar kududdufinsa, kuma mai jego za ta sha farfesu har ta gaji. Na haihu lafiya. Ana gobe suna da safe aka shiga ruwan aka kwaso kifi kwando-kwando, manya, baƙaƙe, suna ta bugun juna. Ina zaune a ƙofar ɗakina da jariri, ina kallon tsakar gida. Ƙannensa mata sun kawo itace, an jera tukwane.

Iya ta zauna, ta ɗauki na farko, ta tsaga. Wani ruwa-ruwa ya fito daga cikin. Ta buɗe shi ga haske, ta sa yatsa. Na ga hannunta ya tsaya. Ta ajiye, ta ɗauki na biyu daga wani kwando, sannan na uku, har ta buɗe kusan goma. Sai ta ce, "'Yar Fulani, zo ki gani."

Na taso da ƙyar. Ƙodar ta kumbura ta cika wurin, ta yi fari-fari da ɗigo-ɗigo, da na taɓa ta sai ta dagargaje a yatsana kamar jiƙaƙƙen ƙuli-ƙuli. Duka goman haka suke.

Ta dubi bango ta ce, "Ki gaya wa mai gidan nan kifin nan ba na ci ba ne."

Maigidana ya matso. Ya ce, "Ki ce mata ta duba da kyau. Rayayyu ne. Ga su nan suna tsalle, ko ɗaya bai mutu a ruwan ba."

Wannan shi ne abin da kowa a Guri zai faɗa, kuma duk wanda ke tsakar gidan ya gyaɗa kai. Mun tashi mun san tarwaɗa ba ta mutuwa da wasa, tana kwana a laka, tana tafiya a kan ciyawa. In tana motsi, to lafiyarta ƙalau.

Iya ta ce, har yanzu da ni take magana, "Da kifin karfasa ya zuba, da tuni ta juya ciki sama ta gaya masa ruwan ya lalace. Ita wannan ba ta mutuwa, haƙuri take yi, tana tara abin a cikinta. Shi za a ɗura wa mai shayarwa, ya bi nono ya shiga ɗan kwana shida."

Ya ce an riga an gayyaci mutane. Ya ce a cire kayan cikin a yar, a wanke da kyau, wuta za ta kashe komai. Ni ma, Allah Ya gani, a zuciyata na so a yi hakan, don na ga fuskarsa, na kuma san wahalar da ya sha. Ya juya ya ce wa ƙannensa su hura wuta.

Sai Iya ta miƙe. Ta dube shi ido cikin ido, ta kira sunansa, sunan yanka, cikakke. Ta ce, "Ka haƙa rami ka binne su."

Ƙanwarsa da ke riƙe da ashana ta sake ta. Shekararsa talatin da wani abu bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Ya ɗauki fartanya ya fita, ya ƙi yarda kowa ya taya shi, ya yi ta jidar kwandunan shi kaɗai har rana ta take.

Aka yi suna da naman rago da tuwo miyar kuka. A wani gari wannan ya isa, a Guri kuwa biki ba kifi abin magana ne, balle bayan alkawari. Aka yi ta yi masa ba'a, wai ya yi wa kifi jana'iza. Abin da ya fi ciwo shi ne babu wata shaida. Ba wanda ya ci, don haka ba wanda ya yi ciwo, sai aka ce rigimar tsufa ce kawai. Maigidana bai daina gaishe ta ba, amma ya daina zama in ya gaishe ta. Tsakiyar kifin da take turowa ta riƙa dawowa a kwano ba a taɓa ba. Na ji tausayinsu su biyun, na kuma ji haushinsu su biyun.

Iya ba ta iya barin abu ba. Ta ce sai ta san abin da ya shiga ruwan. Zarginta ya faɗa kan majemi, don ramukan jimarsa suna kusa, warinsu kuma ba ya ɓuya. Ta same shi a ƙofar gidansa da hantsi, mutane na zaune, ta ce ruwan ƙazantarsa ne ya kashe wa ɗanta wahalar shekara, ta faɗi maganganun da ba zan rubuta ba. Majemi bai rama ba. Ya ɗebo ruwa a bokiti, ya ce, "Iya, zo." Ya zuba a bakin magudanarsa. Duk suka tsaya suna kallo, ruwan ya gangara gabas, ya ba kududdufinmu baya. Ya ƙara wani bokitin, haka. Iya ta dawo gida ba ta ci abincin rana ba.

Bayan kwana biyu tana shara a bayan gidanmu ta tsaya a gaban garwar da ake jiƙa wa kifin dusa. Rana ta gasa ta, wani wari yana tashi daga ciki. Garwar nan Iya ce da kanta ta samo ta. Wani ɗan'uwanta yana aikin feshin maganin ƙwari a wata babbar gona, ta ga garewanin da aka juye maganin an jefar, ta ce wannan ai asara ce, ta roƙi guda. Ta wanke ta da toka da yashi har tana ƙyalli, ta ba ni ta ce in ba mai gidan nan ya riƙa jiƙa dusa. A wurinmu ba a yar da garwa. Wata da watanni a cikinta ake kwaɓa abincin kifin, a kuma ɗauraye ta a bakin ruwan.

Ta cika garwar da ruwan kogi ta bar shi ya wuni ya kwana. Da safe ta juye shi a wata tsohuwar ƙwarya, ta zuba sabon ruwan kogi a wata, ta samo 'ya'yan karfasa ta raba musu. Muka zauna ni da ita muna kallo. Kafin inuwa ta bar bakin ɗaki na ƙwaryar farko sun fara juyawa. Na ɗayar suna ta yawonsu.

Sai Iya ta ce, "Ashe ni ce."

Ta yafa mayafi ta nufi gidan majemi. Ta jira sai da mutane suka taru kamar na ranar farko, ta durƙusa a ƙasa, tsohuwa da ita, ta ce, "Na ɗora maka abin da ba ka yi ba. Da hannuna na kai gubar. Ka yafe mini." Majemi ya rasa inda zai sa kansa. Daga nan ta huda garwar da ƙusa ta binne, ta bi gida-gida tana tambayar mata ko akwai mai irinta. An samu uku, ɗaya ma ruwan sha ake ajiyewa a ciki.

Da yamma maigidana ya shigo, ta dubi bango ta ce, "Ki gaya wa mai gidan nan garwar da na ba shi ce. Ba laifinsa ba ne, ba na kowa ba ne, nawa ne." Na faɗa masa, ko da yake ya ji. Ya ce, "Ki ce mata na ji." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ya yashe kududdufin, ya kwashe lakar ya kai nesa, ya bar rana ta gasa ramin shekara guda, sannan ya sake zubawa. Tun daga lokacin kifin yake fitowa lafiya, har wasu suka kwaikwaye shi. Ya koma cin tsakiyar kifi, ya koma zama in ya gaishe ta. Amma maganar ranar nan ba su sake tayar da ita ba. Bai taɓa ce mata ta yi daidai ba, ita ma ba ta sake kiran sunansa ba. Na sha ce masa ya faɗa mata ko sau ɗaya, sai ya ce ai ta sani. Wataƙila ta sani. Ni dai na so a ce ta ji da kunnenta, kuma har yau abin yana damuna.

Ranar sadakar bakwai aka ce za a dafa tarwaɗa a raba, don ita ce abincin da ta fi so. Aka kwaso daga kududdufin da sassafe. Mata suka jera tukwane, ɗana na biyu, wanda aka yi rigimar dominsa, yana ta kai da kawo da itace, ya yi tsawo har ya kusa kafaɗata. Wata ta kai hannu za ta fara yanka, sai maigidana ya ce a dakata. Ya shigo har tsakiyar mata, abin da ba ya yi. Ya karɓi wuƙar Iya daga hannun ƙanwarta, ya zaɓi kifi ɗaya, ya ajiye su a gabana.

Na buga kan sau ɗaya, na tsaga, na buɗe shi ga haske. Na sa babban yatsa na bi ƙashin bayan. Ƙodar ta taso gaba ɗaya, a tsuke, launin hanta.

Ya ce, "Yaya kika gani?"

Na ce, "Lafiya lau take."

Ya ce, "To, a hura wuta." Amma bai tafi ba. Ya tsaya yana kallon tabarmar da ke ƙofar ɗakinta, wadda har ranar ba wanda ya iya naɗewa. Sannan ya juyo gare ni, a hankali, kamar yadda ya saba shekara da shekaru, ya ce, "Ki ce mata ta yi gaskiya."

Allah Ya kai mata, Ya yafe mata, Ya shayar da ita ruwan da babu komai a cikinsa sai alheri.